Yadda gwamnatin Amurka ke mayar wa cibiyoyin yinin dattawa kuɗin abinci

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York. Ni da ƙanena muna da cibiya inda dattawanmu, yawancinsu 'yan Ghana da Nijar da Najeriya, suke yini daga ƙarfe tara na safe zuwa uku na yamma. Mutum 30 ne a rajista, amma kamar 24 ke zuwa kullum. Kuɗin cefane ya fara fin ƙarfinmu. An ce mini akwai shirin gwamnati da ke mayar da kuɗin abincin da aka ciyar da su. Gaskiya ne? Nawa ake biya? Kuma za su yarda da tuwo da miya, ko sai mun koma dafa abincin Turawa?" — Wata Hajiya daga Bronx

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan hidima da kuke yi wa iyayenmu a ƙasar da ba tasu ba. Tambayarki kashi uku ce: ko cibiyarku ta cancanta, nawa za ta samu, da kuma ko abincinmu zai shiga. Gaskiya ne akwai shirin, kuma tuwo na iya shiga. Sai dai ki riƙe abu ɗaya tun daga farko: gwamnati na biyan farantin da aka rubuta ne a lokacin da aka miƙa shi, ga mutumin da takardunsa suka cika. Farantin da aka ci ba a rubuta ba, ladansa na wurin Allah, amma ko sisi ba za a mayar muku a kansa ba.

Sunan shirin CACFP, wato shirin ciyarwa na wuraren kula da yara da manya. Ma'aikatar Noma ta Amurka, USDA, ita ke ba da kuɗin ta hannun sashenta na abinci da ake kira FNS. An faro shi a 1968 domin yara, sai a 1987 majalisa ta shigar da cibiyoyin yinin manya. Dokokinsa suna cikin kundin 7 CFR sashi na 226, kuma abin da ya shafe ku kai tsaye yana 226.19a. Ba da Washington za ku yi hulɗa ba. Kowace jiha tana da hukumar da ke riƙe da shirin: a jiharku ta New York Ma'aikatar Lafiya ce, a Texas da New Jersey Ma'aikatar Noma ta jiha, a Florida kuwa ɓangaren manya yana hannun ma'aikatar harkokin dattawa. Ita wannan hukuma ke karɓar takardun nema, ta ba da horo, ta biya, ta kuma zo bincike.

Wace cibiya, kuma waɗanne mutane

Dole cibiya ta kasance tana da lasisi ko amincewar hukumar tarayya, ta jiha ko ta ƙaramar hukuma a matsayin wurin kula da manya da rana. Ba wurin kwana ba ne, kuma bai isa a ce majalisa ce kawai da ake taruwa a sha shayi a yi hira ba. Ana so a ga tsararren shiri na kula da lafiya da walwala da taimakon yau da kullum, kuma duk wanda ke da rauni a jiki ko a ƙwaƙwalwa yana da rubutaccen tsarin kulawa nasa na kansa a fayil.

Mutanen da ake biyan abincinsu iri biyu ne: wanda ya kai shekara 60, da wanda ya kai 18 amma lalura ta hana shi gudanar da rayuwarsa shi kaɗai, kamar mai shanyewar ɓarin jiki ko mai ciwon mantuwa. Sharaɗi shi ne yana zaune cikin jama'a, a gidansa ko gidan 'ya'yansa. Wanda ke kwance a gidan jinya aka kawo shi yini ba ya shiga lissafi. Haka baƙon da ya biyo abokinsa ba tare da rajista ba, da ma'aikatanku, da 'yar da ta rako mahaifiyarta. Ku ciyar da su, amma kada sunansu ya hau takardar ƙidaya.

Ba ki faɗi yadda aka yi wa cibiyar rajista ba, kuma nan ne hanya ta rabu. In ƙungiya ce mai zaman kanta da ba ta neman riba, wadda hukumar haraji ta IRS ta yafe wa haraji, ƙofa a buɗe take. In kuwa kasuwanci ne naki da ƙanenki, sai kashi 25 cikin 100 na waɗanda ke rajista sun zama masu cin gajiyar Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko tallafin jin daɗin jama'a na Title XX, kuma cibiyar tana karɓar kuɗin kula da su daga can. Ga mutum 30, takwas ke nan. Kowane wata ake sake duba wannan. Watan da adadin ya sauka zuwa bakwai, babu biya a watan gaba ɗaya, ko da an ciyar da kowa. Wata ƙa'ida kuma: abincin da aka riga aka biya da kuɗin ciyar da tsofaffi na Title III na Dokar Dattawan Amurka ba a sake neman kuɗinsa a CACFP. Faranti ɗaya, biya ɗaya.

Nawa ake biya

Mutum ɗaya a rana ɗaya, ana biyan abinci biyu da abin taɓawa ɗaya, ko abinci ɗaya da abin taɓawa biyu. Da lokutanku, karin kumallo da abincin rana da abin taɓawa na wajen ƙarfe biyu su ne suka dace. Farashin yana sauyawa kowace ranar 1 ga Yuli, kuma matakai uku ne gwargwadon samun mai cin abincin: kyauta ga mafi ƙarancin samu, ragi ga na tsakiya, da cikakken biya ga wanda ake ganin zai iya biyan kuɗin abincinsa da kansa, wanda a kansa gwamnati ke mayar da mafi ƙanƙanta. A shekarar da ta fara daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025, in ban da Alaska da Hawaii da nasu ya fi yawa, karin kumallo dala 2.37 ne a matakin kyauta, 2.07 a ragi, 0.39 a cikakken biya. Abincin rana ko na dare 4.43, 4.03 da 0.42, kuma ana ƙara 0.30 a kan kowanne a madadin kayan abincin gwamnati. Abin taɓawa 1.21, 0.60 da 0.11. Ki nemi jadawalin bana a wurin hukumar jiha kafin ki tsara kasafi.

Mu buga lissafi da waɗannan. Dattijon da ke matakin kyauta, in ya ci duka ukun, dala 8.31 ke nan a rana. Mutum 24 sau kwana 22 na aiki a wata ya ba da yinin ciyarwa 528. In duk suna matakin kyauta, za a mayar muku kusan dala 4,388 a wata. In duk suna matakin cikakken biya, dala 1.22 ce a rana, kusan 644 a wata. Tukunya ɗaya, wahala ɗaya, amma tazarar ta haura dala 3,700.

Abin da ke raba matakan fom ne mai shafi ɗaya ko biyu. Wanda samun gidansa bai wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba yana matakin kyauta, daga nan zuwa kashi 185 ragi ne. Mai karɓar SNAP (tallafin sayen abinci), ko SSI (tallafin kuɗi ga tsofaffi da masu lalura marasa ƙarfi), ko Medicaid ba ya bukatar lissafin samu, lambar shaidarsa ta isa ta sa shi a kyauta. Wanda ba shi da fom a fayil, ko fom ɗinsa ya wuce wata 12, ko ba a sa hannu da kwanan wata ba, ya faɗa cikakken biya ko da ba shi da ko kwabo. Fom ɗaya da aka manta asarar kusan dala 156 ce a wata.

A nan mutanenmu suke yawan cutar kansu. Tsohuwa tana zaune gidan ɗanta direban tasi da matarsa ma'aikaciyar jinya, sai mai cika fom ya tara albashin gidan duka ya rubuta, ta fita daga matakin kyauta. Doka ba haka ta ce ba. Ga babba, iyali yana nufin shi kansa, da matarsa ko mijinta in suna tare, da waɗanda ke ƙarƙashin ɗawainiyarsa. Samun ɗan da ke riƙe da ita ba ya shiga. Wasu dattawan kuma suna jin nauyin a tambaye su kuɗi, wasu suna tsoron takarda. A zauna da su a keɓe, da harshensu, a nuna musu cewa fom ɗin da aka cika da samu lambobi huɗu na ƙarshe kawai yake nema na lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum, kuma akwai gurbin da wanda ba shi da ita zai yi alama.

Tuwo da miya a ma'aunin gwamnati

Shirin bai ambaci sunan wani girki ba. Rukunai biyar ya sani, da ma'aunin kowanne, bisa tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2017. Abincin rana na babba: madara kofi ɗaya, nama ko madadinsa oza 2, kayan lambu rabin kofi, 'ya'yan itatuwa rabin kofi, hatsi ma'auni 2. Kofin da ake nufi na awo ne mai cin kusan mililita 240, oza 2 kuma kusan giram 56. Karin kumallo: madara kofi ɗaya, kayan lambu ko 'ya'yan itatuwa rabin kofi, hatsi ma'auni 2. Abin taɓawa: a zaɓi biyu daga rukunan biyar. A abincin dare madara ba dole ba ce ga manya.

Mu ɗauki faranti ɗaya mu duba. Tuwon shinkafa da miyar taushe. Rabin kofi na dafaffiyar shinkafa ma'auni ɗaya ne, don haka malmalar kowa sai ta kai kofi ɗaya cikakke. Ku sami marar kwasa ko ludayin da kuka auna kuka tabbatar, shi za a riƙa amfani da shi kullum, ko wa ke kan tukunya. Amma kafin nan a juya buhun shinkafar a karanta. Farar shinkafa ba ta shiga lissafi sai an ƙara mata sinadarai a masana'anta, kuma za ki ga kalmar "enriched" a jikin buhun. Yawancin wadda ake nomawa a Amurka tana da ita. Da yawa daga cikin wadda ake shigowa da ita, irin da muke so a shagunan 'yan Afirka da na Indiyawa, ba ta da ita. An dafa, an ci, an ƙoshi, mai bincike ya zo ya ga buhun a sito ya soke duk farantan da aka yi da ita.

Naman da ke cikin miya ana auna shi ne bayan ya dahu, ba ƙashi, ba kitse. Tsoka ɗaya mai ƙashi da aka saba jefawa a kwano da wuya ta kai giram 56. A sayi ƙaramin sikeli na kicin, a auna sau da yawa har ido ya saba, kuma a saye ɗanye fiye da abin da ake bukata domin nama na raguwa a wuta. USDA tana da littafin awo a intanet mai suna Food Buying Guide da ke nuna nawa ɗanye ke ba da nawa dafaffe. Naman halal ba matsala, muddin daga mayankar da hukuma ke dubawa ya fito kuma akwai rasit. Naman layya da wani ya yanka a gona ya kawo sadaka ba ya shiga. Babban ƙwai ɗaya ya tsaya a madadin oza 2, haka rabin kofi na dafaffen wake. Shinkafa da wake abinci ne mai kyau ga shirin kuma mai sauƙin kuɗi, sai dai wake ɗaya ba ya tsayawa a matsayin nama da kayan lambu a faranti ɗaya, sai a zaɓa masa gurbi guda.

Kabewa da alayyafon da ke cikin taushe kayan lambu ne, in dai rabon kowa ya kai rabin kofi. Wannan sai da rubutaccen tsarin girki: kilo nawa aka zuba, mutum nawa aka raba wa. Miyar kuka ban ba ku shawarar dogaro da ita a wannan gurbi ba, domin garin da ke shiga kwano ɗaya kaɗan ne. Ranar kuka a haɗa da dafaffen kabeji da karas ko kwaɗon ganye a gefe. Ɗanyen ganye irin su latas kofi ɗaya ne ke tsayawa a rabin kofi. Sakwara da doya da rogo da agada kayan lambu ne a lissafinsu, ba hatsi ba. Ranar da aka yi sakwara gurbin hatsi yana nan a buɗe, sai an ƙara burodi ko wani abin.

Aƙalla sau ɗaya a rana hatsin ya zama wanda ba a raba shi da dusarsa ba. Gero da dawa suna cika wannan sharaɗi in ba a surfe su ba, haka jar shinkafa da alkama da oat. Garin da aka ƙulla a leda ba tambari ba bayani ba za ku iya kare shi a gaban mai bincike ba. Kunu yana da daɗi da safe, amma in ya yi ruwa-ruwa hatsin cikinsa ba ya kai ma'auni 2, sai a haɗa shi da burodin alkama.

Madara ita ce ta fi ba cibiyoyinmu wahala. Ta ruwa ake so, marar kitse ko mai kashi 1 cikin 100, a miƙa ta a kofi. Madarar gari irin Nido, da ta gwangwani da ake zubawa a shayi, da wadda aka dafa cikin kunu, duk ba sa shiga. Dattawa da yawa madara na ɓata musu ciki. Akwai wadda aka cire wa sinadarin laktos, kuma ita ma madara ce a wurinsu. Sannan an yi wa manya sauƙi: sau ɗaya a rana yogot oza 6, wato kashi uku cikin huɗu na kofi, yana tsayawa a madadin madara, in na kamfani ne kuma sukarinsa bai wuce ƙa'ida ba. Kindirmon da aka haɗa a gida ba ya shiga. Zoɓo ba ruwan 'ya'yan itace ba ne a lissafinsu, kuma ko na gaskiyar sau ɗaya kawai ake ƙirga shi a rana. Dabino kuwa rubu'in kofi ya tsaya a rabin kofi na 'ya'yan itatuwa, amma a kula da masu ciwon sukari.

An hana suyar da ake nutsar da abu cikin mai a kicin ɗin cibiya. Ƙosai ya fita ke nan, alala ta maye gurbinsa, kuma ga haƙoran tsofaffi ma ta fi. Kek da donat da biskit mai zaƙi ba sa tsayawa a matsayin hatsi. Wanda likita ya hana wani abu saboda lalura, ko aka ce sai an niƙa masa abinci, a karɓo takardar likitan a ajiye a fayil, za a biya farantinsa ko ya saɓa wa tsarin.

Akwai kuma wata dama da aka ba cibiyoyin manya, in kun sanar da hukuma kuna amfani da ita. A abincin rana a gabatar wa mutum rukunan biyar, ya ɗauki aƙalla uku, kuma a biya farantin cikakke. Da safe a gabatar da abu huɗu, ya ɗauki uku. Wannan na rage zubar da abinci ƙwarai. Amma shi dattijon ne zai ce ba ya so. Mai rabo ba za ta ɓoye madara a firiji ta ce ai ta san Baba ba ya sha ba.

Takardu da bincike

Ga yadda ƙidaya take a aikace. Ƙarfe goma sha biyu da rabi, ma'aikaciya tana tsaye kusa da teburin rabo da allon takarda mai sunayen mutum 30. Malam ya karɓi farantinsa, ta sa alama a gaban sunansa a layin abincin rana na wannan ranar, nan take. Hajiyar da 'yarta ta zo ta ɗauke ta zuwa asibiti ƙarfe goma sha ɗaya tana cikin rajistar halarta, tana da alamar karin kumallo, amma layinta na rana fayau yake. Cike takardar da yamma daga rajistar halarta kuskure ne da ke sa a karɓe kuɗi. Mai bincike zai ƙirga kawunan da ya gani a ranar da ya zo, ya kwatanta da kwanakin baya. In ya tarar da 19 alhali takarda na nuna 30 cif kullum, ba mura ba ruwan sama, zai fara tono.

Abinci a cibiya ake cin sa, a lokacin da hukuma ta amince. Wanda aka ƙulla wa mutum ya tafi da shi gida ba a biya. Wannan zai taɓa ku da azumi, lokacin da yawancin dattawanku ba za su ci da rana ba. Ku rubuta wa hukumar jiha tun wata biyu kafin Ramadan ku ji abin da za ta iya amincewa da shi, kuma kada ku ƙirga abincin buɗa-baki na tafiya gida sai da izini a rubuce. Ku sa raguwar kuɗin watan a kasafinku.

Ana tura neman biya wata-wata, cikin kwana 60 bayan ƙarewar watan. Jadawalin abinci, rasit na cefane da na madara, fom-fom, rajistar halarta da takardun ƙidaya ana ajiye su shekara uku bayan shekarar da ake ciki. Rasit ɗin madara ake yawan kama mutane da shi: galan ɗaya kofi 16 ne, lissafin ba wuya, kuma in abin da aka saya bai kai abin da aka ce an raba ba, magana ta ƙare. Kuɗin da aka mayar dole ya koma harkar abinci, cefane da albashin mai girki da kayan kicin. Ku buɗe masa asusu daban, kuma ku daina sayayya a shagon da ba ya ba da rasit mai nuna kaya ɗaya bayan ɗaya.

Tun bayan badaƙalar Feeding Our Future a Minnesota, inda a 2022 aka gurfanar da mutane da dama kan kusan dala miliyan 250 na kuɗin ciyar da yara, sa ido ya ƙaru. Cibiyar da aka samu da babban saɓani aka ba ta lokaci ba ta gyara ba, ana cire ta, kuma sunanta da na shugabanninta su shiga jerin waɗanda aka haramta wa shirin na shekara bakwai, fiye da haka ma in akwai bashin da ba a biya ba. In hukunci ya zo muku, kwana 15 ne gare ku na ɗaukaka ƙara.

Hanyar shiga biyu ce. Ko ku ƙulla yarjejeniya da jiha kai tsaye, kuɗin duka ya zo muku amma nauyin takardu duka a kanku, kuma sai kun nuna kuna da ƙarfin kuɗi da na gudanarwa. Ko ku shiga ƙarƙashin ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin cibiyoyi, ta riƙe har kashi 15 cikin 100, ta horar da ku, ta duba takardunku, ta ziyarce ku sau uku a shekara, aƙalla biyu ba sanarwa. A lissafinmu na sama, kashi 15 kusan dala 658 ne a wata. Ga cibiyar da mutum biyu ke riƙe da ita kuma ba wanda ya taɓa wannan aiki, ina ganin shekarar farko a ƙarƙashin ƙungiya ta fi kwanciyar hankali, in akwai mai karɓar cibiyoyin manya a yankinku. In hannu ya faɗa, sai ku nemi tsayawa da ƙafarku.

Abin da na kawo ƙa'idar tarayya ce. Jiha na iya ƙara nata a kai, kamar tazarar lokaci tsakanin abinci da abinci da irin shaidar amincewar da take karɓa, kuma maganarta ce ta ƙarshe a kan cibiyarku. Ba a biyan watannin da suka shuɗe kafin yarjejeniya, in ban da wata ɗaya da wasu jihohi ke yarda da shi in takardunsa sun cika. Don haka a makon nan ki kira sashen CACFP na Ma'aikatar Lafiya ta New York ki nemi ranar horo, ki ƙirga masu Medicaid a cikin mutum 30 ɗin, ki rubuta jadawalin abinci na mako huɗu da ma'aunin kowane abu a gefensa, kuma ku fara sa alamar ƙidaya a teburin rabo tun kafin a amince da ku.